Yadda na sayar da kayan da suka cika mini sito

An kai ni ɗaki a Kano a 2009, lokacin da ake yayin jeren kuloli da samiru, kuma iyayena, Allah ya saka musu da alheri, ba su rage komai ba. Rabin abin da aka jera mini ban taɓa zuba abinci a ciki ba. Da yara suka fara rarrafe aka kwashe su zuwa sito, daga nan kuma duk abin da ya lalace ko aka daina yayinsa sai ya bi sahu: risho, talabijin mai ƙusumbi, fankar da ta ƙone, ɗan ƙaramin janareto, keken ɗinki, gadon jariri, tsohon firji, da buhunan kayan da suka yi wa yara kaɗan.

Dalilin da ya sa na waiwaye su kowa ya san shi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kasuwa ta tashi ta bar albashi a baya. Ba yunwa muke yi ba, alhamdulillahi, amma a farkon 2024 na duba na ga azumi ya ƙarato, bayan salla ga kuɗin makaranta, ni kuma raina na kan fanka mai caji saboda zafin da ke tafe. Ga ɗaki guda a kulle, muna biyan hayarsa, ɓeraye ne kaɗai ke morarsa.

Kafin a taɓa ko cokali sai da aka yi maganar kayan wa da wa. Janareto da talabijin na maigida ne. Kayan ɗaki nawa ne, babu mai ja, amma shi ne ya fi kowa nauyin baki a kan a sayar da su, kuma ban ga laifinsa ba. A garin nan idan aka ga kayan ɗakin mace suna fita, ba a cewa ta gaji da su ne. Cewa ake mijin ya kasa, ko ya lallaɓe ta yana cinye mata kaya. Don haka ya ce shi ba ruwansa, in je in faɗa wa Ummata da bakina. Na je. Umma ta saurare ni har na gama, ta ce, "To da ajiyar me kike yi musu? 'Ya'yanki in sun tashi aure ko kallonsu ba za su yi ba. Ki sayar ki yi abin da zai amfane ki. Amma tasoshin nan na kakarku, kar in ji, kar in gani." Wannan zuwan da na yi shi ya rufe bakin dangi daga baya, don duk wanda ya kai gulma ya tarar Umma ta riga shi sani.

Shawarar da ta fi yi mini amfani daga wata maƙwabciyata ta fito, wadda ta taɓa tashi daga babban gida zuwa ƙarami. Ta ce kar in kira mutum ɗaya ya kwashe gaba ɗaya, ko da ya zo da kuɗi a hannu. Mai kwashe duka da farashin mafi arahar abin da ke ciki yake yi wa sauran kuɗi. Ta ce in zauna gaban kowane abu in tambayi kaina wa zai yi murna in ya same shi, sai in nemi wannan mutumin. A kan haka na rarraba kayan, ba na kicin daban na falo daban ba.

Sai wanki. Samirun na goge su da toka da soso har suka dawo da ƙyallinsu, kulolin na shanya su a buɗe don warin ajiya ya fita, na tono kwalayen waɗanda kwalinsu ke nan. A nan na ga darajar murfi. Saitin da ya cika da murafensa kaya ne, wanda murfi ɗaya ya ɓace kuwa sai dai a sayar da shi ɗai-ɗai, kuɗinsa ya zube.

Dillaliyar unguwarmu tsohuwa ce, Iya kowa ke ce mata. Bayan la'asar take fitowa da ƙullinta a ka, kuma babu gidan da ake hana ta shiga. Ita ta san wadda za ta aurar da 'ya kuɗi bai kai na sabo ba, ta san bazawarar da za ta tare tana neman abin rufin asiri, ta san wadda ta haihu ba shiri. Mutane na ɗauka yawo take sayarwa. Ni a ganina rufin asiri ne hajarta: mai saye ba ta san daga ɗakin wa kaya suka fito ba, mai sayarwa ba ta san ɗakin da suka shiga ba, gobe ku haɗu a gidan suna ku gaisa ba wadda za ta sunkuyar da kai.

Da ta zo ta zauna a kan tabarma, ba ta tambayi kuɗin komai ba tukuna. Ta buɗe kula ta shinshina. Ta ɗauki samira ta ƙwanƙwasa gindinta da farce tana saurare, ta ɗaga ta saitin rana tana neman huji, ta bi bakin da yatsa ko ya ɓantare. Sai ta ture kulolin gefe guda, samirun gefe guda.

"Waɗannan," ta nuna kulolin, "kafin Juma'a sun tafi. Sha'aban muke ciki, kowa na gaggawar kai 'yarsa kafin azumi. Waɗannan kuwa, 'yar nan, birni ya daina yayinsu, amma a ƙauye har gobe su ne ado. In kin matsa in fitar da su yanzu, asara za ki yi. Ki bari sai kaka, an sayar da amfanin gona an fara bukukuwa."

Na ce, "Iya, ni fa kuɗin yanzu nake so."

Ta ce, "To ki sayar mini, in biya ki yau, ni in yi jiran. Amma kin san jiran ba kyauta zan yi shi ba."

Hanyoyin ke nan guda biyu. Ko ta saya da kanta a kan araha ki karɓi kuɗinki nan take, ko ta ɗauka ta sayar miki ta cire la'adarta, kuɗin ya fi auki amma sai kin yi haƙuri. Akwai ta uku da ba a cika faɗa ba, wato ki yanka mata kuɗin da kike so, duk abin da ta ɗora a kai nata ne. Ni na fi son a yi ta a fili. Muka daidaita a kan kashi ɗaya cikin goma, na rubuta abin da ta ɗauka a littafi a gabanta, na karanta mata ta ji. Ba ta ji haushi ba, ta ce da kowa na yin haka da ba a kai dillalai gaban mai unguwa ba. Samirun na bar su sai kaka.

Abin da ya fi komai saurin tafiya a hannunta atamfofin lefena ne da ban ɗinka ba. Turmin atamfa mai kyau, in dai gara ba ta taɓa shi ba kuma bai kama warin akwati ba, tsufa ba ya rage masa kuɗi. Wasu ma tsohon zanen suke nema don an daina samunsa a Kantin Kwari.

Keken ɗinki ban ba Iya ba. Telan bakin layinmu na da yara masu koyo, ga ɗinkin salla ya taso, keke ɗaya yaro uku ke jira. Na aika aka gaya masa. Ya zo ƙofar gida aka fito masa da shi, ya ɗiga mai, ya zura zare, ya ɗinka ƙyalle, ya juya ƙyallen ya duba ɗinkin ta ƙasa, ya sake takawa ya karkata kunne yana jin ƙararsa. Butterfly ne, na da, ƙarfensa da nauyi. Ya taya, na ce albarka daga bayan ƙofa, ya ƙara, na ce ya dai ƙara, har muka kai inda na sallama.

A kan keken nan ne na fahimci yadda ake yi wa tsohon kaya kuɗi a wannan zamani. Abin da tela ya biya ya ninka abin da Umma ta saye shi sabo, har na fara jin kamar na ci riba. Babu wata riba. Lokacin da aka saye shi dala tana wajen naira 150, lokacin da na sayar ta haura 1,500. Wadda ta tsaya a kan "ai kaza aka saya mini" za ta bayar da kayanta kusan kyauta tana murna. Kuɗin da za ki tambaya shi ne na sabonsa a yau. Kafin in yi wa kowane abu kuɗi sai na sa ƙanen maigida, da yake yana bi ta kasuwar Sabon Gari, ya tambayo mini nawa sabo yake. In abin lafiyarsa ƙalau, daga kashi biyu cikin uku nake farawa, kuma ba na sauka ƙasa da rabi. Mai saye ma lissafin da yake yi ke nan, ko bai faɗa ba.

Wannan lissafin bai yi aiki a kan janareto ba. Tsadar fetur ta sa gidaje da yawa sun jingine nasu, kowa na neman kai da shi, masu saye kuma sun san haka. Risho ma haka, kananzir ya fi ƙarfin talaka, mutane sun koma gawayi da gas. Abu na iya zama lafiya lau amma zamaninsa ya wuce, sai ki karɓi abin da ya samu.

Firji da fanka wurin masu gyara suka nufa, kuma wannan mataki ne da mata da yawa ke tsallakewa su miƙa wa ɗan gwangwan kai tsaye. Shi mai gyaran firji gangar jikin yake so, ya sa mata wani kwamfresa ya sayar wa mai ruwan sanyi. Mai gyaran fanka zai sake naɗa mata waya ta tashi. Dukansu sun biya fiye da abin da sikeli zai ba ni. Tun kafin mai firji ya jona shi na sa aka gaya masa kwamfresan ya mutu, kuma ƙofar ba ta kamawa sosai ta ƙasa. Ƙanen maigida ya ce na karya wa kaina ciniki. Amma mun taso muna jin hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ko an ajiye wannan ma, mai sayen nan ba baƙo ba ne. Shagonsa na bayan masallacinmu, ya san ƙofata, sahu ɗaya suke tsayawa da mijina.

Sai 'yan gwangwan, masu jari bola. Abin da ya rage bayan kowa ya zaɓa nasu ne: tukwanen da suka huje, ƙafafun tsohon gado, rishon da ya yi tsatsa, guntayen waya, mataccen batirin mota da ya shekara a lungu. Ba a shigo da su cikin gida, a ƙofa ake yi, da namiji a tsaye. Sana'ar ta yi baƙin jini saboda ɓata-garin da ke fakewa da ita suna kwance ƙarafan mutane, har gwamnatin Borno ta haramta ta a 2023, Abuja ma ta bi baya a farkon 2025. Amma yawancin waɗanda ke bi ta layinmu samari ne 'yan ci-rani da ke tura kura cikin rana don neman halak, kuma ba don su ba da unguwanni sun cika da tarkace.

Wanda ya zo mana da sikelinsa mai ƙugiya ya zo, da ɗan mayen ƙarfe ɗaure a zare. Yana ganin tsibin ya ce, "Hajiya, a yi masa kuɗi gaba ɗaya kawai, kar a ɓata lokaci." Na ce a'a, a ware. Dalili kuwa, ƙarfe ba ɗaya ba ne. Jan ƙarfen da ke cikin waya shi ne sarki, sai tagulla, sai alminiyam, baƙin ƙarfe shi ne na ƙarshe, batir kuma kuɗinsa daban saboda dalmar da ke cikinsa. Mayen nan shi ne alƙali: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, abin da ya ƙi kamawa a nan kuɗin yake. In aka haɗa aka auna tare, duk a kuɗin baƙin ƙarfe za su tafi, shi kuma ya je ya ware ya sayar wa dilolin irin na Ƙofar Ruwa kowanne a kuɗinsa. Daga can baƙin ƙarfe ke tafiya kamfanonin da ke narka shi su yi rodi, alminiyam kuma maƙera su zuba tukwane da shi, ƙila ma in sake sayen tukunyata ban sani ba.

Sikelin ma sai da muka gwada shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka na sa yarona ya rataya jarkar da na san awonta. Allurar ta ɗan gaza. Ɗan gwangwan ya yi dariya, ya murɗa wani abu a saman sikelin, ya ce rana ce ta taɓa shi. Ban ja maganar ba, tunda ya gyara.

Ana cikin fito da kaya ƙaramin yarona ya ɗauko ɗaya daga cikin tasoshin kakarmu, a zatonsa ita ma tarkace ce, don ta yi baƙi ƙirin. Saurayin nan ya ɗora mata maye, ya zame. Ya ciro ƙusa ya karce gindinta kaɗan, wurin ya fito rawaya. Nan take muryarsa ta canza, ta yi laushi. "Hajiya, wannan fa? A haɗa da ita mana." Na ce ba ta sayarwa ba ce. Ya faɗi kuɗi, na yi shiru, ya ninka da kansa ba tare da na ce uffan ba. Na sa aka mayar da ita ciki. Karcen na nan a gindinta, Umma ba ta gani ba tukuna.

Talabijin mai ƙusumbi babu wanda ya so shi, har mai gyara cewa ya yi shagonsa cike yake da irinsa. Ɗan gwangwan ya ce zai fasa shi a nan ya cire wayar ya bar sauran. Na ce ko ya ɗauke shi ɗungurungum ko ya bar shi, don gilashin irin wannan talabijin akwai dalma a ciki, ba zan bari a tarwatsa shi inda yara ke wasa ba takalmi ba. Na kuma hana shi ƙona waya a ƙofar gidana, hayaƙin nan guba ne. Ya ɗauke shi a kan abin da bai kai kuɗin katin waya na kirki ba.

Kayan yara kuwa ban wahalar da kaina ba. Wanda zai je Ƙofar Wambai ya tarar an fasa sabuwar dilar gwanjo ba zai sayi wandon da ya ƙoƙe a gwiwa ba. Masu kyan na rarraba wa 'yan uwa, sauran almajiranmu suka ɗauka. Fasassun robobi da tsofaffin silifa mai canji ya karɓa ya ba ni baho sabo.

Sayarwa ta wayar hannu ita ce ta fi kawo kuɗi a kan abu ɗaya, ita ce kuma ta fi kawo ciwon kai. Gadon jariri na sa hotonsa a WhatsApp, kafin dare an yi ciniki da wata ƙawar ƙanwata. Amma kafin daren nan kira nawa na amsa na "lafiya dai ko?" Wata ta ce ai da na faɗa mata da ta zo ta ɗauka, wato kyauta. Wata ta ce in ajiye mata sai ƙarshen wata. Wannan ita ce ta fi haɗari, don bashin 'yar uwa a kan tsohon kaya ba ya dawowa, in kin tambaya kuma ke ce marar zumunci. Na koyi cewa, "Wallahi an riga an yi magana da wata," in dai da gaske an yi, in ba a yi ba kuma in ce kuɗin nake buƙata a hannu. A nan na ƙara ganin amfanin Iya.

Janareto maigida ne ya sa shi a Facebook, hoton injin kaɗai, ba a nuna gida ba. Wani matashi ya zo da fara'arsa, aka tayar masa a ƙofar gida, bai ko ja ciniki ba, wanda hakan ma ya isa a yi tunani. Ya danna waya ya nuna hoton shaidar tura kuɗi, ya fara kiran mai adaidaita. Maigida ya buɗe asusunsa bai ga komai ba. Saurayin ya ce matsalar sabis ce, zai shigo. Maigida ya ce to bismilla, ga benci, su jira tare, ko kuma su taka wurin mai POS na bakin titi ya cira ya ba shi a hannu. Ya ce bari ya je ya dawo. Har yau. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya saba da tiransifa, mazambata ma sun saba. Saƙon da ya shigo waya ko hoton da aka nuna miki ba kuɗi ba ne, sai kin buɗe asusunki kin ga lissafi ya ƙaru. A ƙarshe wani mai aski a unguwar ne ya saye shi, ƙasa da abin da wancan ya "biya", amma a hannu.

Kuɗin irin wannan ciniki a gutsure yake shigowa, yau na fanka, jibi na kula, kuma in aka bar shi a jakar hannu cefane ne zai lashe shi ba a sani ba. Duk abin da ya shigo sai na rubuta, in sa shi a wani asusu da ba na taɓawa. Kuɗin janareto na miƙa wa mai shi, ya mayar mini da rabi ya ce ladan fama da jama'a. Da aka tattara, an sayi fankar kafin tsakiyar azumi, sauran ya biya kaso mai tsoka na kuɗin makaranta. Na samiru sai bayan kaka ya fara zuwa, kaɗan-kaɗan, Iya na kwance shi daga bakin zane, kuma ya fi abin da ta taya su da farko nesa ba kusa ba.

Siton yanzu babban yarona ne ke kwana a ciki. Abu ɗaya ya gagara, wani ƙaton sif da kafinta ya haɗa a cikin ɗakin, ba ya fita ta ƙofa sai an kwance shi. Na sami mai so, amma da aka haɗa kuɗin kafintan da zai kwance ya sake ɗaurawa da na motar da za ta ɗauka, sai ya kusa cinye kuɗin sif ɗin. Mai sayen ya ce ni zan biya, na ce shi zai biya, aka tashi a haka. Yaron ya zuba littattafansa a ciki.